Cikina yana kumbura kullum da yamma, likita kuma ya ce wai akwai hannun ƙwaƙwalwa

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga tambayarki, kin ce da safe cikinki a shafe yake lafiya lau, amma da zarar kin ci abincin rana sai ya fara cika, kafin dare ya fito kamar na mai ciki wata shida har sai kin sassauta kayan jikinki, an yi miki sikanin, an zura kyamara ta baki, ba a ga komai ba, daga ƙarshe likita ya ce akwai hannun ƙwaƙwalwa a ciki, ke kuma kika ji kamar cewa ya yi ke kika sa wa kanki. Fannina kenan, cututtukan ciki da hanji, kuma wallahi wannan ɓacin ran naki na fahimce shi sosai, domin ba daɗi mutum yana kallon cikinsa a kumbure da idonsa a ce masa wai tunani ne. Maganar likitan tana da tushe, matsalar dai ya faɗe ta a guntule ne bai warware miki ba. Toh bari in warware miki, sai dai ki yi haƙuri zan ɗan ja ta da tsawo.

Da farko ki sani ba ke kaɗai bace. An yi wani babban bincike da aka fitar a 2023, mutum sama da 51,000 a ƙasashe 26, aka samu kusan kashi 18 cikin ɗari suna jin kumburin ciki aƙalla sau ɗaya a sati, kuma mata sun kusa ninka maza. Sannan abu biyu ne muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya. Akwai jin kumburi, wato ki ji cikinki ya cika ya yi tam, ya ɗaure, amma in aka sa tef aka auna ba wani canji. Akwai kuma fitowar cikin da gaske wanda kowa zai gani. Wani yana da na farko kawai, wani irinki yana da duka biyun, kuma hanyar da kowanne yake faruwa ta ɗan bambanta.

Kusan duk wanda ya zo da wannan ƙorafi abu ɗaya yake cewa, iska ce ta yi yawa a cikina. Da haka ne da abin ya zo da sauƙi. Iskar da ke cikin tumbi da hanjin mutum mai lafiya a kowane lokaci bata wuce mililita 100 zuwa 200 ba, ko kofin shayi bata cika ba. Tun 1975 wani likita a Amurka, Michael Levitt, shi da abokan aikinsa suka auna iskar hanjin masu kukan iska ta dame su da ta masu lafiya, aka samu kusan ɗaya ce, wajen mililita 200 kowanne ɓangare. Abin da ya bambanta shine da aka tura musu iska cikin hanji masu ƙorafin sun ji ciwo sosai, masu lafiyar kuma ko a jikinsu. An sake irin wannan a Nottingham ta Ingila a 2017, wannan karon da na'urar hoto ta MRI, aka ba masu ciwon hanji na IBS, wato ciwon ciki mai dawowa tare da gudawa ko taurin bayan gida wanda gwaji baya nuna wani rauni, da masu lafiya irin sinadaran abincin nan masu tara iska, hoton ya nuna iskar da ta taru kusan daidai take a duka, amma masu ciwon ne suka yi ta kuka da kumburi. Kinga kenan tambayar ta tashi daga "nawa ce iskar" ta koma "me ya sa wannan jikin yake jinta haka, kuma me yake yi in ya jita".

Mu fara da tumbi, jakar nan da abinci ke fara sauka a ciki, tana can sama ƙarƙashin haƙarƙarin hagu da wajen ƙahon zuci, ba wajen cibiya ba kamar yadda mutane da yawa suke nunawa. In babu komai a cikinta a tsuke take. Da kin fara haɗiya, tun kafin lomar ta isa, saƙo yake zuwa ta jijiya cewa ɓangaren sama na tumbin ya saki jiki ya buɗe, shi ya sa mutum zai iya cin abin da ya kai lita 1 ko lita 1 da rabi ba tare da matsi ya ƙaru a ciki ba. Toh a wasu mutane wannan sakin jikin ne baya faruwa yadda ya kamata. Jan Tack da mutanensa a Leuven ta Beljiyam sun nuna a 1998 cewa wajen kashi 40 cikin ɗari na masu fama da rashin daɗin ciki bayan cin abinci wanda gwaji bai nuna dalili ba, tumbinsu baya buɗewa da kyau. Abincin sai ya tarar da jaka a tsuke, matsi ya hau nan da nan, a ture shi zuwa ɓangaren ƙasa tun bai shirya karɓa ba, mutum ya ci loma biyar shida ya ji kamar ya cinye tukunya, ga gyatsa ga nauyi a ƙahon zuci. Irin wannan kyamara bazata taɓa ganinsa ba, domin ana yin gwajin ne mutum bai ci komai ba, fatar tumbin kuma lafiyarta ƙalau, aikin ne ya samu tangarɗa.

Bayan karɓa sai niƙa da turawa. Tumbi yana matsawa kamar sau 3 a minti, yana markaɗa abinci yana tura shi kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji, kuma a mai lafiya bayan awa 4 abin da ya rage baya wuce kashi 10 cikin ɗari. Maiƙo yana rage wannan gudun sosai, da ya shiga ƙaramin hanji sai hanjin ya saki wani sinadari da yake ce wa tumbi dakata, kuma maiƙon yana ƙara wa jijiyoyin wajen saurin jin matsi, shi ya sa abinci mai mai da yawa ya fi komai tayar da kumburi ko da baya tara iska. Ciwon suga da ya daɗe yana iya lalata jijiyar tumbi ya sa abinci ya yi ta zama. Magunguna irin su tiramadol da kodin suna sa duk hanyar ta yi sanyi, haka alluran nan na rage ƙiba da suga irin su Ozempic, jinkirta tumbi yana cikin yadda suke aiki. Amma ki lura, da yawan masu jin abinci ya tsaya musu in aka auna sai a ga yana wucewa a kan lokaci.

Iskar da ke tumbi kuwa yawancinta haɗiyarta aka yi. Cin abinci da sauri, taunar cingam, lemo mai gas, shan taba, da yawan haɗiyar yawu wanda mutum yake yi in yana cikin damuwa bai ma sani ba. Akwai wani abu da nake yawan gani, mutum ya ji cikinsa ya cika sai ya riƙa ƙaƙaro gyatsa don ya samu sauƙi, alhali kowace gyatsar da ya ƙaƙaro iska ce ya zuƙo cikin maƙogwaro ya dawo da ita, wata ma ta wuce ƙasa. Zai yi ta yi a jere har ya gaji, in ya yi barci kuma shiru, ko ɗaya. Ita kuma iskar babban hanji bakteriya ne suke yinta daga ragowar abincin da bamu narkar ba, wake, albasa, alkama, madara ga wanda jikinsa baya narkar da sugan cikinta. Wannan al'ada ce ta jiki, sakin iska sau 10 zuwa 20 a rana ba ciwo bane.

Yanzu ga inda ƙwaƙwalwa ta shigo, kuma nan nake so ki nutsu.

Cikinki baya jin komai da kansa. Duk wani ji, na cika ne, na murɗawa ne, na yunwa ne, a ƙwaƙwalwa ake haɗa shi, haka ma zafin ƙuna a hannu a ƙwaƙwalwa ake jinsa kuma ba wanda zai ce wa wanda ya ƙone tunani ne. A bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100 masu gudanar da aikinsu da kansu, akwai kuma babbar jijiya da ake kira bagus wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya da ƙirji ta shiga ciki, kuma wajen kashi 80 cikin ɗari na zarenta saƙo suke kaiwa sama daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa, ga wasu jijiyoyin da suke bi ta laka. Dare da rana rahoto yake tafiya, nan ya buɗe, nan ya matse, nan iska ta wuce. Da za ki ji duk wannan da baki iya yin komai ba a rayuwa, don haka ƙwaƙwalwa take tace shi, ta danne kusan duka, ta bar miki abin da ya zama dole kawai. Kamar rediyo ne, tashar ɗaya ce, maganar ɗaya ce, amma wani an rage masa murya wani kuma an ƙure masa ita har tana fasa kunne. A masu irin matsalarki muryar ce aka ƙure.

Kuma an auna wannan, ba hasashe bane. A 1973 wani likita a Ingila, James Ritchie, ya sa ƙaramin balan-balan a ƙarshen babban hanjin mutane yana hura shi a hankali. Da ya kai mililita 60, kashi 6 cikin ɗari ne kawai na masu lafiya suka ji ciwo, amma a masu IBS sama da rabi suka ji. Balan-balan ɗaya, girma ɗaya. Daga baya an yi irinsa a tumbi aka samu wajen kashi ɗaya cikin uku na masu rashin daɗin ciki bayan cin abinci suna jin ciwo a matsin da mai lafiya ko lura bazai yi ba.

Me yake ƙure muryar? Wani lokaci daga hanjin ne, misali mutum ya yi gudawa mai tsanani ta ƙwayar cuta, ya warke, amma jijiyoyin wajen suka zauna a farke, kusan mutum 1 cikin 10 da suka yi irin wannan gudawar suna ƙarewa da IBS. Wani lokaci daga sama ne, rashin barci, damuwa mai tsawo, fargaba, baƙin ciki, duk suna rage ƙarfin dannewar da ƙwaƙwalwa take yi. Mata da yawa suna lura abin ya fi tsanani kwanaki kaɗan kafin al'ada. Sa ido ma kansa yana ƙarawa, masu bincike a Barcelona sun nuna a 1997 cewa in mutum yana jiran a hura masa hanji ya fi jin abin, in kuma aka ɗauke masa hankali da wani aiki sai jin ya ragu. Ki duba yadda wannan yake zama zagaye, kin ci abinci jiya kin kumbura, yau tun kafin ki sa loma hankalinki yana kan cikin, kina tattaɓa shi kina jira, ƙwaƙwalwa ta ɗauka wajen nan akwai haɗari ta ƙara buɗe kunne, sai ki fi jiya ji. Ba laifinki bane ko kaɗan, haka jikin kowa yake aiki in wani waje ya daɗe yana damunsa.

Saƙon kuma yana saukowa ƙasa. Wannan an daɗe da ganinsa da ido. A 1822 harsashi ya samu wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a ciki, ya warke amma rami ya zauna a buɗe har cikin tumbinsa, likitan sojan Amurka William Beaumont ya yi shekaru yana leƙawa ta ramin yana kallon yadda abinci ke narkewa, kuma ya rubuta cewa in saurayin ya fusata ko ya tsorata fatar tumbin tana canza kala, narkewar abinci ta yi jinkiri. Yau mun san sinadaran tashin hankali suna rage gudun tumbi suna kuma zaburar da babban hanji, shine dalilin da mai fargaba zai ji abinci ya tsaya masa a ƙirji a lokaci guda kuma yana neman banɗaki. Saboda irin waɗannan hujjojin ne a 2016 kwamitin masana da ake kira na Rome ya canza wa wannan rukunin cututtukan suna, ya koma kiransu matsalolin mu'amala tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa.

Toh amma za ki ce, likita duk wannan bayanin ji ne, ni fa cikina fitowa yake yi, har hoto nake ɗauka. Gaskiyarki, kuma wannan ɓangaren ne ni ya fi burge ni a duk fannin, domin shekara da shekaru an rasa bayaninsa.

Ki gwada wani abu yanzu. Ki miƙe tsaye, ki sa hannu ɗaya a kan cibiya, ki ja numfashi ki riƙe, sannan ki tura cikinki waje iya ƙarfinki. Kin ga yadda ya fito? Ko ɗigon iska bai ƙaru a hanjinki ba. Abin da kika yi shine kin danno tantanin naman nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda muke kira dayafram, ya sauko ƙasa, kika kuma saki naman gaban cikinki, kayan cikin basu da wajen zuwa sai gaba. A mai lafiya in abinci ko iska suka ƙaru, jiki da kansa yake yin akasin haka, dayafram ya saki ya ɗan hau sama ya bada fili, naman gaban ciki ya ɗan ɗaure, shi ya sa mutum zai ci ya ƙoshi cikinsa bai wani fito ba. Ƙungiyar Fernando Azpiroz da Juan Malagelada a asibitin Vall d'Hebron na Barcelona sun ɗauki hoton CT, wato sikanin mai nuna kayan ciki dalla-dalla, na marasa lafiya sau biyu, ranar da cikin ke shafe da lokacin da ya kumbura, suka fitar da sakamakon a 2009. A masu irin matsalarki abin da ya ƙaru a cikin ɗan kaɗan ne, amma dayafram ya sauko da sama da santimita 1, bangon gaba kuma ya turo waje da kusan haka. Wato umarnin ya juye, wanda ya kamata ya saki ya matse, wanda ya kamata ya matse ya saki. Ɗan ƙaramin motsi a hanji mai saurin ji ne yake tayar da wannan amsar, kuma mutum bai san yana yi ba, ba da gangan bane. Shine ya sa kike tashi da safe a shafe, domin cikin barci naman ya koma daidai, kuma likitocin tiyata sun daɗe da lura irin wannan cikin yana sacewa da zarar an sa wa mutum maganin barci. A ɗaya ɓangaren, waɗanda hanjinsu ke da ainihin cutar rashin motsi hoton ya nuna kayan cikin sun ƙaru sosai har sun tura dayafram sama, kinga hoto biyu ne mabambanta.

Ba ina cewa iska bata da nata rabon ba fa. Mutanen Barcelona ɗin sun taɓa tura iska ta bututu cikin ƙaramin hanji, mililita 12 duk minti na tsawon awanni, masu lafiya suka fitar da kusan duka ba tare da damuwa ba, yawancin masu IBS kuma ta maƙale musu ko ta dame su. Taurin bayan gida ma babban dalili ne da ake mantawa da shi, mutum zai ce ai ina zuwa kullum, amma in aka bincika da ƙyar yake yi kuma baya gamawa, kashi ya taru iska ta rasa hanya.

Abin da duk wannan yake nufi wajen magani shine akwai ƙofofi da yawa, kuma maganin iska na kemis da kike ta sha yana ƙwanƙwasa mafi ƙanƙantarsu ne, shi ya sa baki ga wani canji ba.

Ni a irin labarinki da numfashi nake farawa. Ki kwanta ko ki zauna a jingine, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ki ja numfashi ta hanci a hankali yadda hannun ciki ne zai ɗaga na ƙirji ya zauna shiru, sannan ki fitar ta baki a hankali, fitarwar ta fi jan tsawo, kuma nan ne aikin yake, lokacin fitarwa ki bar ƙirjinki ya sauka haƙarƙari su rufo, ki ɗan jawo cibiya ciki a tausashe, domin a wannan lokacin dayafram yake saki ya koma sama. Minti 5 kafin cin abinci da minti 5 bayansa, kullum, na makonni, ba sai cikin ya kumbura ba. Mutane suna raina shi saboda kyauta ne, amma a Barcelona da aka koya wa marasa lafiya sarrafa waɗannan naman suna kallon aikinsu a na'ura, faɗin cikin ya ragu a awo na tef. In akwai likitan gashi da motsa jiki da ya san wannan aikin kusa dake, ya fi ki koya a hannunsa.

Wajen abinci, ki rage yawan da kike ci a zama ɗaya ki ƙara yawan zaman, ki rage maiƙo, ki ci a nutse, ki bar cingam da lemo mai gas, in kin gama kar ki kwanta, ki ɗan taka na minti 10 ko 15, domin an gwada an ga iska ta fi wucewa in mutum yana tsaye ko yana motsi. Akwai tsarin abinci da ake kira FODMAP wanda jami'ar Monash ta Ostireliya ta fito da shi, ana rage abubuwan da bakteriya ke saurin ruɓarwa na sati 4 zuwa 6 sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya don a gane wanne ne mai laifi, yana taimakon mutane da yawa. Amma dan Allah kar ki mai da shi na har abada. Abin da yake tayar min da hankali shine in ga mutum ya yanke wannan ya yanke wancan har ya rage abu uku yake ci, ya rame, ga tsoron abinci ya shige shi, tsoron kuma ya ƙara ƙure muryar da muke ƙoƙarin ragewa. In akwai taurin bayan gida a fara gyara shi kafin komai. In ba a taɓa yi miki gwajin ƙwayar cutar tumbi ta H. pylori da na cutar rashin jure alkama ba, ki tambaya.

Sai magungunan da suke aiki a kan jijiya. In likita ya rubuta miki amitiriftilin kika duba kika ga an ce maganin ciwon damuwa ne, kar ki jefar ki ce ya ɗauke ki mai taɓin hankali. Don ciwon damuwa ana bada shi da yawa ne, don ciki kuma ɗan kaɗan ake bayarwa, miligiram 10 zuwa 30 da dare, aikinsa rage ƙarar saƙon da ke tasowa daga hanji. An gwada shi a Ingila a kan mutum 463 masu IBS aka fitar a 2023, kuma ya fi ƙwayar bogi, wadda babu magani a cikinta, taimakawa bayan wata 6. Yana sa barci da bushewar baki, yana iya ƙara taurin bayan gida, bai dace da wasu masu ciwon zuciya ba, don haka ba abin saya da kanki bane. Zama da masanin halayyar ɗan adam wanda ya san matsalar hanji shima magani ne na gaske mai hujja, yana koya wa mutum yadda zai cire ido daga kan cikin ya karya wancan zagayen. Barci kuma ki ɗauke shi da muhimmanci kamar ƙwaya. Su kuma kayan bakteriya masu amfani da ake ta tallatawa, ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka a shawararta ta 2023 bata goyi bayan shansu don kumburi ba, ni ma ban cika tura mutane su kashe kuɗi a kai ba.

Zai taimaka miki da likitanki in kika yi sati 2 kina rubutawa, awon cikinki da tef daidai cibiya da safe da kuma dare, me kika ci, ya barcinki, yaushe kika yi bayan gida, ina kike a kwanakin al'ada, me ya tayar miki da hankali ranar. Sati 2 kawai, ki ajiye tef ɗin bayan nan.

Duk abin da na faɗa ya shafi wanda aka bincika ne kuma cikinsa yake hawa yana sauka irin naki. Kumburin da baya sacewa da safe, kullum ƙaruwa yake, wani zance ne daban, yana iya zama ruwa ne ya taru saboda hanta ko zuciya ko ƙoda, ko wani ƙari. Haka in akwai rama ba dalili, jini a bayan gida ko bayan gida baƙi, amai mai maimaituwa, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, ƙarancin jini, zazzaɓi, ciwon da ke tashinki daga barci, ko abin ya fara sabo bayan shekara 50, ko akwai mai kansar hanji a dangi na kusa, toh a koma asibiti ko da an taɓa cewa komai lafiya. Mata musamman, kumburin da ya zauna kusan kullum tare da saurin ƙoshi, ciwon mara da yawan fitsari yana cikin alamun farko na kansar ƙwan mace, a Ingila ƙa'idarsu ita ce in yana faruwa fiye da sau 12 a wata, musamman ga wadda ta haura 50, a yi gwajin jini na CA125 sannan a bi da sikanin in ya nuna. In kuma ciki ya kumbura farat ɗaya da ciwo mai tsanani, ga amai, ba bayan gida ba ko sakin iska, wannan toshewar hanji ake tsoro, a tafi sashen gaggawa a daren, kar a jira gari ya waye kuma kar a sha maganin wankin ciki.